Gilashin Fijo 504: na cirewa ko sabo na kasuwa?

Alhaji, ka ce tsakanin gilashin da aka ciro daga matacciyar 504 da sabo na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wanne za ka sa wa taka. Nemi na cirewa.

Na ƙofofin tawa duka daga wata tsohuwar tasi suka fito, da tambarin kamfani a kusurwa, kuma har yau da yatsa biyu ake murɗa su, ba kuka ba cijewa. Gilashin ƙofa da na baya gasasshe ne, ba ya yankuwa, ba a rage masa baki. In bai zo daidai ba, kuɗinka sun tafi. Shi ya sa na asali ya fi. Samunsa ba wuya, tunda an yi ta harhaɗa 504 a Kaduna shekaru da yawa bayan Faransa ta daina a 1983, garejin Maradi ma ba su rasa gawarta. Sai dai ka lura, gilashin ƙofar baya na doguwa mai ɗaukar iyali ba ɗaya ba ne da na ƙarama.

Sabo kuwa, to, yana toshe iska. Lanƙwasarsa ce ba ta cika zama daidai ba, damina na sauka ruwa ya bi ta kusurwa.

A gilashin gaba kaɗai nake sassauci. Yashin hunturu yana cinye fuskarsa, da dare fitilar mai tahowa ta watsu maka a ido. Ɗaga shi ka duba a rana. In ya yi tsaga-tsaga kamar an yayyafa gishiri, ko gefensa ya yi fari, bar shi ka sayi sabo mai falle biyu da leda a tsakani, wanda ko dutse ya same shi tsagewa yake yi, ba ya zubowa.

Wurin cirewa ake yawan asara. Robar da ke riƙe gilashin gaba ko na baya ta sha rana ta bushe, kada a yi ƙoƙarin cetonta. A yanke leɓenta na waje da wuƙa mai kaifi, mutum ɗaya ya tura daga ciki da tafin hannu, daga kusurwar sama, biyu su tara a waje. Kada ƙarfe ya taɓa bakin gilashin. A ɗauke shi a tsaye, bargo a tsakani. Kafin sawa a kankare tsatsar da ke ƙarƙashin robar a shafa fenti. Sabuwar roba, igiya siririya a zagaya cikin raminta, ruwan sabulu, a ja igiyar daga ciki a hankali ana dannawa daga waje.

Ka yi hattara da masu yanko gilashin tagar gida su buga masa tambari da fenti. Goga farce a kai, na gaskiya ba ya fita. Kuma kada ka biya duka sai an gwada a jikin mota, gabanka.