Takardar tsaro ta kyauta a kan Home Assistant: yadda na same ta a Maradi

Fitilun tsakar gida, famfon da ke ɗora ruwa a tanki da kyamarar ƙofa, duk Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, ne ke tafiyar da su a gidana da ke Ali Ɗan Sofo, a kan wata ƴar kwamfuta Raspberry Pi 4. In na yi tafiya Yamai ko Katsina, ta waya nake duba su. Don kada wani ya tsinci kalmar sirrina a hanya na sa takardar shaidar tsaro ta intanet daga ƙungiyar Let's Encrypt, wadda ba a biyan ko dala a kanta.

Takardar kwana 90 take yi ta mutu, kuma ana so a sabunta ta tun saura kwana 30. Da can Let's Encrypt sukan aiko saƙon imel na tunatarwa, amma sun daina tun watan Yunin 2025. Yanzu kai ne mai gadin kayanka.

Wajen samo ta, intanet ɗinmu na layin waya ne ke da ɗan sarƙaƙiya. Adireshi ɗaya muke rabawa da mutane da yawa, saboda haka tantancewa ta ƙofa ta 80, wato mashigar intanet da Let's Encrypt ke bi su tabbatar sunan gidan naka ne, ba ta yiwuwa. Hanyar DNS, wato rajistar sunayen intanet, ce ta yi mini, da sunan da na karɓa a DuckDNS, masu ba da irin waɗannan sunaye, domin ita ba ta buƙatar a buɗe wata ƙofa. Shiga daga waje kuwa ta VPN, wato ɓoyayyar hanya ta cikin intanet, nake yi, wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ma'aunin Home Assistant mai suna Certificate Expiry. Takardar da gidan ke miƙa wa waya yake dubawa, ya rubuta ranar mutuwarta a allo. Amfaninsa a nan yake: sabuwar takarda kan iya sauka cikin na'ura alhali tsohuwar ake ta nunawa, sai an sake kunna Home Assistant kafin ya ɗauki sabuwar. Ranar da ke allo ba za ta motsa ba sai abin ya tabbata. Na tsara cewa in saura kwana 21 wayata ta yi ƙara, in saura bakwai fitilar zaure ta koma ja. Uwargida ma ta gane ta, in ta gani sai ta ce, "Malam, takardarka na kira."

Sai batun wuta. Raspberry Pi 4 ba shi da batirin agogo, daga intanet yake karɓar lokaci. A zafin Afrilu, in aka ɗauke wuta aka maido, yakan riga na'urar intanet tashi, ya zauna da agogon da ya kauce, takarda mai rai ta zama kamar fasfo da aka duba da kalandar bara. Da na haɗa su biyun a kan batirin sola, matsalar ta kau.

Ga mai son ya dasa abu ya manta da shi, wannan ba nasa ba ne, gara ya biya kuɗin wata-wata na Nabu Casa, kamfanin da ke sayar da hidimar shiga Home Assistant daga waje, su riƙe masa takardar. Wa'adin ma raguwa zai yi: masu tsara dokokin takardun sun amince zuwa 2029 ba za ta wuce kwana 47 ba. Ni dai zan ci gaba da ta kyautar, sai dai zan matso da ƙararrawar zuwa kwana 14.