Zoben ƙari ko doguwar farfela: wanne ya dace da motar da aka ɗaga?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaga motarka ta shiga daji, farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ta gaza tsawo, kana tambaya ko ka sa mata zoben ƙari ko ka nemi doguwa. Kafin ka sayi komai, shiga ƙarƙashin motar ka duba inda farfelar ke shiga tana fita. Za ka ga wani wuri fes yana ƙyalli, wanda da can a ciki yake. Tsawonsa shi ne abin da ɗagawar ta cinye.

Zoben ƙari faifai ne na ƙarfe ko alminiyam da ake ɗaurewa tsakanin bakin farfela da bakin aksul. Ya fi araha, ba yanka ba walda, ran da ka sauke motar sai ka kwance abinka. Yana mayar da haƙoran farfela ciki, don kada ta zare in taya ta faɗa rami aksul ya yi ƙasa. Iyakar aikinsa ke nan.

Abin da ya fi damuna da shi karkata ce. Da aka ɗaga mota, farfela ta ƙara sunkuyawa, shi kuwa kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, ya fi daɗewa in karkatarsa ba ta wuce digiri 3 ba, kuma bambancin na gaba da na baya bai haura digiri 1 ba. Zobe ba ya gyara wannan. Yana ma tura kuros nesa da boris ɗin bakin aksul, nauyi ya ƙaru a kan boris ɗin. In zoben bai zauna daidai tsakiya ba, za ka ji gurnani ƙarƙashin kujera, madubi na rawa, kwana kaɗan ka ga mai na tsattsafowa a bakin aksul. Kuma dole a sa dogayen notuna masu ƙwari, a ɗaure su tamau.

Doguwar farfela, musamman mai kuros biyu a haɗe, tana magance tsawo da karkata gaba ɗaya. Sai dai da tsada, sai an auna, an daidaita nauyinta a inji, an ɗaga bakin aksul ya fuskanci farfelar. Masu Jeep Wrangler TJ, ƙirar 1997 zuwa 2006, sun san wannan, don farfelarta ta baya gajeriya ce ƙwarai, ɗagawa kaɗan take karkata ta.

In ɗagawarka ba ta wuce inci 2 ba kuma motar ba ta rawa a guje, zobe ya ishe ka. In ta kai inci 4, ko kana hawan duwatsu da manyan tayoyi, ni dai farfela zan ce ka saya.