Takunkumin 3M 6200 don shiga tsohon gidan sinima

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi haɗari a gidan sinimar da aka rufe shekara da shekaru shi ne ƙurar da ke cikinsa. Gine-ginen shekarun 1920 zuwa 1970 suna yawan ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, a labulen kare gobara, da naɗin bututu, da bangon ɗakin majigi. Ga funfuna a kujeru, ga kashin jemagu da tantabaru. Takunkumin likita ba ya tare waɗannan.

Takunkumin roba na kamfanin 3M, samfurin 6200, da matatan 2091 masu lambar P100 ya yi daidai da aikin, domin matatan na tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura. A girma, 6200 ne matsakaici. 6100 ƙarami ne, 6300 babba.

Kafin shiga, danna tsakiyar matatan biyu da manyan yatsunka ka ja numfashi. Idan robar ba ta lafe a fuska ba, iska na kurɗawa. Gemu ne ya fi jawo haka, ko da ɗan tsiro ne.

Aibinsa, gumi na taruwa a ciki, murya kuma na dishewa. Ba ya samar da iskar shaƙa, don haka kada a dogara da shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ruwa ya kwanta. A nemi izinin mai gini tukuna.