HDMI, optical ko coaxial: wace waya ta dace da amfilifayar falonka?

Da yawa cikin 'yan uwanmu mazauna Jidda, Makka da Riyad sukan sayi amfilifaya da sifika biyar da wufa (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri), a kafa su a falo, amma sauti ya riƙa fitowa daga sifika biyun gaba kawai. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wajen wayar da ta haɗa talabijin ko dikoda da amfilifayar, ko kuma wajen saiti. Don haka kafin ka nufi shagunan eXtra ko Jarir, ko ka shiga Harajin Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda, leƙa bayan kowace na'ura ka ɗauki hoton ramukanta a wayarka. Wannan hoton ne zai gaya maka abin da za ka saya, ba bakin mai shago ba.

Optical ita ce mai rami ɗan murabba'i da ke fitar da jan haske. Toshiba ne ya fito da ita a 1983, shi ya sa ake kiranta Toslink. Coaxial kuma mai zagayayyen baki ce, galibi ramin nata ruwan lemo. Dukkansu tsarin S/PDIF na Sony da Philips suke bi, abin da ɗaya ta ɗauka shi ɗayar ke ɗauka: sautin sifika biyu, ko Dolby Digital 5.1, ko DTS 5.1, wato sautin sifika biyar da wufa ɗaya. Nan ƙarfinsu ya tsaya. Tsarukan sautin da suka fi waɗannan, irin su Dolby TrueHD, DTS-HD Master Audio da Atmos, ba sa bi ta cikinsu, ko nawa ka sayi wayar. Duk mai ce maka ɗaya ta fi ɗaya zaƙin sauti, ciniki yake nema. Bambancin kaɗan ne: optical ba ta kawo ƙugin lantarki tunda haske ne ke tafiya a ciki, amma ba ta son lanƙwasa, coaxial ta fi jure wahala, sai dai sababbin talabijin ba kasafai suke zuwa da raminta ba.

HDMI ce ke ɗaukar komai, hoto da sauti, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin hanya biyu ce.

Ta farko, ka jona dikoda da PlayStation da na'urar faifai kai tsaye a bayan amfilifaya, sannan waya ɗaya ta fita zuwa talabijin. Ni wannan na fi so, saboda sautin bai ratsa ta talabijin ba balle ta rage masa wani abu. Sharaɗin shi ne amfilifayar ta iya wuce da irin hoton da kake kallo. Idan 4K ne, nemi wadda aka rubuta HDCP 2.2 ko 2.3 a ramukanta, wato tsarin da ke hana kwafar hoto. Waɗanda aka ƙera kafin 2015 mafi yawansu ba su da shi, sai ka ga allo ya yi baƙi ko hoton ya sauko zuwa 1080.

Ta biyu ta masu kallon Netflix, Shahid ko YouTube ce daga cikin talabijin ɗin kanta. Tilas sauti ya koma baya, daga talabijin zuwa amfilifaya, aikin ARC ke nan, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009. Rami ɗaya ne tak a talabijin yake da wannan rubutun, a nan za ka sa wayar, ita ma amfilifayar a ramin fita mai ARC. ARC yana ɗaukar Dolby Digital, a na'urori da yawa har da Dolby Digital Plus, wanda shi Netflix ke amfani da shi. Sai eARC da ya biyo baya a 2017 tare da HDMI 2.1, mai faɗin da zai wuce da TrueHD da cikakken Atmos, amma sai ɓangarorin biyu duk suna da shi. Idan ARC ya ƙi magana, duba ko an kunna CEC, saitin da ke sa na'urori su riƙa sarrafa juna ta wayar HDMI: Samsung na kiransa Anynet+, LG Simplink, Sony kuma Bravia Sync. Shi ne kuma yake sa rimot ɗin talabijin ya riƙa ƙara murya da ragewa, abin da uwargida da yara za su fi gode maka a kai.

To wa ya kamata ya kashe kuɗi a kan eARC? Mai faifan Blu-ray, ko mai PS5 da yake son jona ta a talabijin don hoton 4K mai gudun 120, wato hoto 120 a daƙiƙa ɗaya. PS5 da Xbox Series X ba su da ramin optical ma gaba ɗaya. Amma wanda kallonsa ƙwallo ne da labarai da tashar Harami da finafinan Kannywood a YouTube, mafi yawan abin da ke zuwa masa sautin sifika biyu ne, amfilifaya ce ke baza shi da Pro Logic II ko Dolby Surround. Irin wannan mutum, tsohuwar Yamaha ko Denon ko Onkyo ta haraji da wayar optical ta ishe shi, ragowar riyal ɗin ya zuba su a wufa mai kyau. Bluetooth kuwa a bar shi wa karatu da waƙa daga wayar hannu, ba ya ɗaukar 5.1.

Ko wace waya ka zaɓa, shiga saitin sauti na talabijin ko dikoda. In yana kan PCM, ta optical ko ARC sautin sifika biyu kawai za ka samu. Mayar da shi Bitstream, Auto ko Pass-through, sannan ka kalli fuskar amfilifayar ko ta rubuta Dolby Digital. A lura, talabijin ɗin Samsung daga 2018 sun daina karɓar DTS, don haka mai tarin finafinan DTS ya jona na'urarsa kai tsaye a amfilifaya.

Wayar HDMI mai bakin zinariya ba ta ƙara komai. Ga mita biyu ko uku, mai tambarin Premium High Speed ta isa 4K na yau da kullum. Ultra High Speed sai mai wasa da gudun 120.

In amfilifayar haraji za ka saya, juya bayanta ka karanta wutar da take sha. Wutar Saudiyya 230 ce yanzu, alhali kasuwar ba ta rasa kayan Amurka masu 120 da waɗanda suka saura daga zamanin wutar 127 ta tsofaffin gidaje. Ka sa irin wannan a soket ba taransifoma, nan take za ta ƙone. Mai niyyar aika ta Kano ko Zinder wata rana ya nemi wadda aka rubuta 220-240V, 50/60Hz. Kuma kada ka biya sai mai kayan ya jona ta a gabanka, an gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya, don a tsofaffin amfilifaya ɓangaren da ya fi saurin mutuwa ke nan, gyaransa kuma yakan kusa kuɗin sayen wata.