Kayan aiki masu jure wuta: abin da na gani a Katar

Ƙanina, ka tambaye ni yadda ake gane tufafin aikin da wuta ba ta ci, tunda walda kake yi. To, a nan Ras Laffan, inda ake sarrafa iskar gas, ba a barin mutum ya shiga wajen aiki sai da su, kuma kayan Amurka da na Turai da na Asiya duk suna zuwa hannunmu. Da farko dai ka sani, wuta tana cin yadin. Amfaninsa shi ne da zarar harshen wutar ya gushe sai ya mutu da kansa, ba ya narkewa ya manne a fata.

Harufan FR (wato mai jure wuta) da ake ɗinkawa a aljihu ba shaida ba ce, kowane tela zai iya manna su. Juya rigar ka karanta ƙyallen da ke wuya. Ta Amurka za ka ga NFPA 2112, lambar ƙa'idar gwajinsu, sau da yawa tare da tambarin UL, masu gwajin da ba su da hannu a cinikin. Gwajin nasu ba wasa ba ne. Ana kara yadin a wuta daƙiƙa 12, idan aka janye dole wutar da ta kama shi ta mutu cikin daƙiƙa 2, ƙunar kuma kada ta wuce inci 4, sannan a maimaita bayan wanki 100. Akwai kuma mutum-mutumin da ake sa wa rigar a watsa masa wuta daƙiƙa 3, a auna ko ƙunar da za ta sami jiki ta haura kashi 50 cikin 100. Idan ta haura, rigar ta faɗi.

Turawan Turai sun fi yi wa mai saye bayani, ni dai tsarinsu ya fi kwanta mini. Nasu EN ISO 11612 ne, da harufa biye: A yaɗuwar wuta, B da C zafin da ke ratsa yadi, D narkakken alminiyam, E narkakken ƙarfe, F taɓa abu mai zafi. Lambar da ke gaban B zuwa F, mafi girma ita ce mafi kariya. Kai kuwa EN ISO 11611 za ka nema, na masu walda ne, kuma aji 2 ya fi aji 1 jure tartsatsi. Masu aikin lantarki nasu daban, kalori ake rubuta musu, wato ma'aunin zafin da rigar ke iya tarewa, 8 ko 25 ko 40.

Yadin iri biyu ne. Akwai wanda jurewar a cikin zarensa take tun asali, kamar Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wanki ba ya raba shi da ita. Akwai kuma audugar da aka jiƙa da sinadari, irin Proban. A zafin nan na Katar yawancin abokan aikina sun fi son audugar don tana shan gumi, ga walda ma audugar mai kauri ta fi dacewa. Sai dai bilic yana kashe sinadarin, kuma ido ba zai nuna maka ya mutu ba, rigar tana nan fes kamar sabuwa.

Masu arha da ake gani a shagunan kayan aiki, a ɗinki suke tona kansu. Yadin yana iya zama na gaskiya amma zaren naila ne, zik ɗin roba, aljihu a buɗe yana jiran tartsatsi. Mai kyau zarenta ma ba ya narkewa, maɓallan ƙarfenta a rufe suke don kada su taɓa fata.

Singiletin da za ka sa a ciki ya zama auduga zalla, don na roba zai narke a jikinka ko da ta waje ta yi aikinta. Rigar da ta sha man inji kuma, a nan mai kula da tsaro mayar da kai yake yi ka canza, saboda man da kansa yana kamawa.