Grammy ko gwanaye 11 na FIFPro, wa ya fi son kai?

Ɗan uwa, ka tambaya wai tsakanin masu zaɓen albam ɗin shekara na Grammy, lambar yabon mawaƙa ta Amurka, da masu fitar da gwanaye 11 na ƙwallo wa ya fi adalci. Ni dai a ganina 'yan ƙwallo sun fi ban haushi, kuma watan Janairun 2014 kawai ya ishe mu hujja don a cikinsa aka yi duka biyun.

Ranar 13 ga wata a Zurich aka fitar da 11 ɗin FIFPro, ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta duniya, kuma fa 'yan wasa ne da kansu suke jefa ƙuri'a. Bayern ta ɗau kofi uku a kakar 2012/13, ta yi wa Barcelona 7-0 jimillar gida da waje a semi na Champions League, amma da jerin ya fito sai ga Barcelona da mutum huɗu, Alves, Xavi, Iniesta da Messi, Bayern kuma uku kacal, Neuer, Lahm da Ribery. Robben da ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a Wembley ko ƙyallinsa babu. Messi na yarda, amma Alves da Xavi a wannan shekarar? Haba malam, suna ne kawai ya yi musu aiki.

Ranar 26 kuma aka yi Grammy a Los Angeles. Kendrick Lamar ya shiga takara a rukuni 7 ya tashi hannu rabbana, albam ɗin rap aka ba Macklemore da Ryan Lewis, har shi Macklemore ɗin ya tura wa Kendrick saƙon ban haƙuri cewa Kendrick ne ya cancanta, ya kuma ɗora hoton saƙon a Instagram, wanda ni wannan ɗorawar ce ma ta fi ba ni kunya. An cuci Kendrick, babu musu, to amma waƙa ba ta da alƙalin wasa ba ta da ci, mai ƙuri'a yana iya cewa kunnena ne ya zaɓa ka rasa ta inda za ka kama shi. Wanda ya kalli 7-0 da idonsa fa, me zai ce?

Kuma ko a daren ba duka suka ɓata ba, Daft Punk sun cinye albam ɗin rawa da na shekara gaba ɗaya da Random Access Memories, suka hau dandamali da hulunansu na mutum-mutumi ko uffan ba su ce ba. Wannan kam duk wanda ya ji jitar Nile Rodgers a ciki da wuya ya ce an yi maguɗi.