Wane Giyabos Mai Kwamfuta Ya Dace da Tsohuwar Mota?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar doguwar hanya da tsohuwar Chevrolet ta shekarun 1960 ko 1970 ya san irin kukan da injinta yake yi, domin giyabos na wancan zamani, kamar TH350 da TH400, giya uku kawai gare su. Abin da ake nema a giyabos mai kwamfuta shi ne giya ta huɗu, wadda take sauke wa injin nauyi: injin da yake juyi 3,000 a minti ɗaya zai sauko zuwa 2,250 idan ma'aunin giyar (wato yawan juyin da inji yake yi a kowane juyi ɗaya na furofela) 0.75 ne, ko 2,100 idan 0.70 ne, man da yake sha ya ragu, ƙarar ma ta lafa.

Ni dai 4L80E nake bai wa mutane shawara su saya, kuma ba na ɓoye hakan. Kamfanin General Motors ya fito da shi a 1991 domin manyan motocin ɗaukar kaya, a kan ginin TH400 da aka daɗe da sanin juriyarsa, aka ƙara masa giya ta huɗu. Wanda aka ƙera don jan tirela ba zai gaji da motar yawon ƙarshen mako ba, ko da an ƙara wa injinta ƙarfi daga baya, abin da kusan kowane mai tsohuwar mota yake yi ko ba daɗe ko ba jima. Gaskiya ne yana da girma da nauyi, a wasu motocin sai an buɗa ramin da yake zama a ƙarƙashin bodi, a sake ƙarfen da yake tallafe shi, a rage tsawon furofela. Giyarsa ta ɗaya, mai ma'aunin 2.48, ba ta da zafin tashi sosai. Amma wannan wahala ce ta rana ɗaya, kuma na fi son in sha ta a gareji da in sha ta a bakin titi.

4L60E, wanda ya fito a 1993, ya fi sauƙin shiga, kuma giyarsa ta ɗaya mai 3.06 tana da daɗin tashi, sai dai kulocin giya ta uku da ta huɗu sananne ne wajen ƙonewa idan aka matsa masa. Mai Ford ya nemi 4R70W ya huta. 6L80E da ZF 8HP kuwa aikin wayarsu ya fi ƙarfin mai farawa.

Ko wanne aka zaɓa, ba zai canja giya ba sai da kwamfutarsa, irin su Quick 4 na US Shift ko Compushift. Kwamfutar tana buƙatar sanin gudun mota da kuma yadda aka taka totur, don haka injin mai kafireto sai an ɗaura masa sensa a jikin totur. Idan ba a saita sensar nan daidai ba, matsin mai zai yi ƙasa, kuloci ya riƙa zamewa har ya cinye. A tuna kuma da agogon gudu mai igiya, wanda ba shi da wurin shiga a yawancin waɗannan giyabos sai an sa na'urar juya sigina.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen sayen giyabos ɗin kansa. Na taɓa sayen wanda aka rantse mini cewa an sake masa kayan ciki gaba ɗaya, yana ƙyalli da sabon fentin azurfa. Bayan 'yan makonni giya ta uku ta ɓace. Da muka kwance kaskon mai, man ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙonanne, maganadisun da ke ciki ya yi gashi da garin ƙarfe, hatta filtar ba a taɓa ta ba. Fenti ne kawai sabo a jikinsa, har a kan kusoshin da ake cewa an kwance.

Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai an buɗe kasko a gabana, kuma mai sayarwar da ya ƙi yarda ya riga ya ba ni amsa. A nemi rasit na kayan da aka ce an canja, a karanta lambar da ke jikin giyabos don sanin ainihin shekararsa, domin soket da wayoyin ciki sun sha canjawa, kuma kwamfutar da aka saita wa wata shekara tana iya rikicewa da wata. A ƙirga kusoshin kasko don tabbatar da wane giyabos ne: 16 ne a 4L60E, 17 a 4L80E. Tsohuwar konbata (na'urar nan mai cike da mai da take haɗa inji da giyabos) da aka haɗo da shi "kyauta" kada a karɓa, saboda dattin giyabos ɗin da ya mutu a cikinta yake maƙalewa, haka ma tsofaffin bututun sanyaya mai. Wayarin mai arha da ba a san wanda ya yi shi ba shi ma a guje shi, domin waya ɗaya da ta saki ta isa ta maƙale mota a giya ɗaya tana cikin tafiya.